Ƙarfe Ɗaya Ba Ya Amo

Duk wanda ya bar gida ya tsallaka Sahara neman abinci, jarinsa guda ɗaya ne, wato hannuwansa. Ba shi da gona a can, ba shi da rumbu, ba shi da dangin da za su ɗauki nauyinsa in ya kwanta. Ranar da yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa, ranar tukunya ta daina hawa murhu a wani gida da ke nesa da shi da tafiyar kwanaki. Na fara da wannan ne saboda abin da nake so mu tattauna shi ne wasan takobi. Da an ambaci takobi sai hankalin mutane ya tafi ga jarumta da kirari. Ni kuwa nawa hankalin yatsu yake fara tunawa.

Ni baduku ne ɗan Damagaram, na gaji sana'ar wurin mahaifina. Shekarata tara a Tamanrasset, babban birnin ƙasar Ahaggar a kudancin Aljeriya. Na bi hanyar da dubban 'yan uwanmu suka bi: Agadas, Arlit, Assamaka, In Gezzam, sannan wajen kilomita 400 zuwa cikin gari. Gari ne a kan tudu, sanyinsa na hunturu ya fi na gida cizo, kuma in ka shiga kasuwar Assihar za ka ji Hausa kamar kana Maraɗi. Aikina ɗinka kube da hamila ga wani dattijo maƙeri Ba'abzine. Shi ya ƙera, ni in tufatar. Ya yi zaman Agadas a ƙuruciyarsa, don haka Hausarsa ta fi Larabcinsa daɗi. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗan Damagaram.

Abin da muke kira takobi, su takoba suke cewa, ka ji kusancin. Miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, tsawonsa duka wajen mita ɗaya, bakinsa a ɗan zagaye yake saboda an yi shi don sara fiye da suka. Hannu ɗaya ake riƙe shi. Tsofaffin da ake kawo mana gyara, da yawansu ruwan takobin daga Turai ya zo, musamman garin Solingen na Jamus. Za ka ga tambarin kyarkeci a guje, ko jinjirin wata guda biyu, kuma maƙeranmu sun daɗe suna kwaikwayon waɗannan tambura a kan nasu ƙarfen. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba dubbai daga Solingen, a Kano ake yi musu mariƙi da kube, a sayar wa Abzinawa da sauran maƙwabta. Ke nan aikin da nake yi wa Baba yau, dukawan Kano sun yi wa kakanninsa shi shekaru fiye da 170 da suka wuce.

Ranar takobi a fagen fama ta faɗi ne kusa da inda muke zaune. A ran 7 ga Mayu 1902, a ƙauyen Tit da ke arewa da Tamanrasset, mayaƙan Ahaggar suka auka wa wata 'yar rundunar Faransa ƙarƙashin Laftanar Cottenest. Sun zo da takobi da asigiri da garkuwa, suka tarar da bindiga mai aman harsashi ba ƙaƙƙautawa, aka yi musu mummunar ɓarna. A 1904 Musa ag Amastan ya je In Salah ya yi sulhu da Faransawa. Daga nan takobi ya koma abin ado da na biki. Har gobe ana rawa da shi, kamar a bikin Sebiba na garin Janet da ake yi lokacin Ashura, inda mazan unguwanni biyu ke fitowa da takobi a hannu guda, ƙyalle a ɗayan. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin kundinta a 2014. Amma rawa daban, sanin sara da kariya daban. Wannan sanin ya rage ne a jikin 'yan tsofaffi kaɗan irin su Baba, wanda ya koya wurin kawunsa da sanda.

Waya ce ta tayar da sha'awar samari. Wani ɗalibi ɗan garin, wanda ya yi karatu a arewacin ƙasar, ya riƙa nuna wa abokansa bidiyon Turawa a YouTube suna karawa da dogon takobi mai hannu biyu, sanye da baƙaƙen riguna masu kauri da huluna masu raga a fuska. Abin ya burge su, ni ma da na gani ya burge ni. Na tambaya, na karanta abin da na samu, sai na gane su Turawan farfaɗo da abin suka yi daga littattafai bayan ya mutu. Wani malamin takobi Bajamushe mai suna Johannes Liechtenauer, wanda ake danganta zamaninsa da ƙarni na 14, ya bar koyarwarsa a dunƙule cikin baitoci, almajiransa suka yi mata sharhi. A Italiya Fiore dei Liberi ya rubuta nasa littafin da zane-zane wajen 1409. Joachim Meyer ya buga nasa a Strasbourg a 1570. Daga waɗannan ne mutanen yau suke tsinto dabara ɗaya bayan ɗaya, su gwada a jikin juna.

Samarinmu suka ce su ma za su yi. Ranar Juma'a bayan la'asar, ranar hutu a Aljeriya, sai su taru a busasshen rafin da ya ratsa gari, inda yashi ke da laushi. Akwai 'yan gari, akwai namu 'yan Nijar, har da wani ɗan Gao. Suka sa mai walda ya yanko musu ƙarfen sifirin na mota, ya miƙar, ya dakushe bakin. A ganinsu tunda ba a wasa ƙarfen ba, ya zama na wasa.

Ba a yi wata biyu ba tsautsayi ya faɗa kan wani yaro ɗan wajen Kance, mai shafen siminti, wanda ɗakinsa ke jikin nawa. Ya ɗaga ƙarfensa zai tare sara kamar yadda ya gani a waya, saran ya zame ya sauka a kan hannunsa na dama. Yatsu biyu suka karye, manuniya da na tsakiya. Na ce mu tafi asibiti, ya ce, "Yaya, ka rufa mini asiri, ba ni da takarda." Tsoronsa kada a yi awon gaba da shi a zube shi bakin iyaka, inda ake sauke mutane su taka wajen kilomita 15 cikin rairayi kafin su isa Assamaka. Mai ɗori muka kira. Kwana arba'in bai riƙe cokalin gini ba. Lokacin kuwa farkon damina ne, sa'ar da rumbu ya yi ƙasa a gida kuma kowa ke jiran saƙon ɗan ci-rani. Muka yi karo-karo muka aika wa mahaifiyarsa abin da ya sawwaƙa, wanda ya sare shi ya ɗauki kuɗin haya, kullum yana zuwa gaishe shi kansa a sunkuye. Yatsan tsakiyar har yau bai miƙe daidai ba.

Da labari ya kai kunnen Baba, sai ya ce a kawo masa ƙarafan. Ya ɗauki ɗaya, ya dafa bakinsa a ƙasa ya danna, ko gezau. Ya jefar.

"Ɗan Damagaram," ya ce, "ka taɓa ganin an kai turmi gidan biki an bar taɓarya?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To, yaran nan sun raba takobi da garkuwa."

Ya ɗauko wani tsohon takobi ya nuna mini giccen da ke tsakanin mariƙi da ruwa, wanda ni da kaina nake naɗe wa fata kullum. Ɗan gajere ne, bai fi faɗin tafin hannu ba sosai. Ya ce wannan ba a yi shi don ya kare hannu ba, domin hannun mai takoba a bayan garkuwa yake kwana, sai lokacin sara yake leƙowa ya koma. Garkuwarsu, wadda suke kira aghar, babba ce, tana rufe mutum daga kafaɗa zuwa gwiwa, kuma da fatar warwaji ake yin ta. Ita ke karɓar sara. Shi kuwa dogon takobin Turawa, gicciyensa dogo ne, mariƙinsa na hannu biyu, shi ne makami shi ne garkuwa. Yaran sun ɗauki siffar wancan, suka yi masa rawar wannan, sai hannu ya zama ba shi da uwa ba shi da uba. Ita kanta garkuwar ta yi wuyar samu, domin warwaji ya ƙare a daji, an tabbatar da haka a shekarar 2000, sai a 2016 aka fara sake sakin wasu a Chadi.

Daga ranar aikin kayan kariya ya faɗo kaina. Da ƙirgi mai kauri ninki biyu na yi garkuwa huɗu a kan firam na itace. Na ɗinka riguna da auduga a tsakani, ina bin layi-layi da basilla, sai na lura lifidi nake yi, irin wanda 'yan lifida ke sawa a hawan salla. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Ashe rigar da ta burge mu a jikin Turawa, kakanninmu sun san irinta tun tuni. Safar hannu ce ta fi ba ni wuya. Fata kaɗai tana hana yanka, ba ta hana karaya. Sai da na tsaga bututun roba mai kauri, na gasa shi ya lanƙwasa, na jera shi a kan yatsu kamar ɓawon kunkuru, ta yadda in sara ya sauka nauyinsa zai bi ta gefe ya zarce mariƙi, kada ya matse ƙashi. Babban yatsa da mahaɗar wuyan hannu su ne wuraren da ƙarfe ke neman ƙofa, can na fi ninka aiki.

Abu guda na ce ba zan yi ba, shi ne abin rufe fuska. Wani ya kawo ragar rariya ya ce in ɗinka masa a jikin hular kwano. Na ba shi labarin Vladimir Smirnov, zakaran wasan takobin zamani na Tarayyar Sobiyet, wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta Mosko a 1980. A gasar duniya a birnin Rum a 1982, takobin abokin karawarsa ya karye, guntun ya huda ragar hularsa ya shiga ta ido, bayan kwana tara ya rasu. Wannan hular masana'anta ce, a kan gwani, a gaban alƙalai. Mutuwarsa ce ta sa aka tsaurara dokokin ƙarfen da ake ƙera takubban gasa da na yadin da ake ɗinka riguna. In abin ya faru da wannan, ina ga rariya? Sai aka haɗa kuɗi, ɗalibin nan ya sayo huluna biyu na gaske daga arewa, ana karɓa-karɓa.

A jikin irin waɗannan huluna za ka ga an rubuta 350N ko 1600N, a riguna kuma 350N ko 800N. Lambar tana faɗin ƙarfin sukan da yadin zai jure kafin ya huje, a hula kuwa yadin da ke rufe wuya ake nufi. Samari suna ganin babbar lamba sai su ɗauka sun sha maganin ƙarfe kamar 'yan tauri. Lambar ba ta ce komai ba game da duka. Riga na iya ƙin hujewa ƙashin wuya ya karye a ƙarƙashinta. Hula na iya zama lafiya lau ƙwaƙwalwar da ke cikinta ta girgiza. Haka kuma hular a buɗe take ta ƙeya, sai an ƙara mata wani abin. Shi ya sa takobin atisayen Turawa, wanda suke kira feda, aka yi shi siriri, marar kaifi, bakinsa a naɗe, kuma yana lanƙwasawa in an yi suka, don ƙarfen ya sha wahalar a madadin haƙarƙari. Irinsa ake gani a zanen littafin Meyer. Ƙarfen sifirin da mai walda ya miƙar ba ya lanƙwasa, kuma wanda wuta ta ci ba bisa ƙa'ida ba yana iya tsinkewa ya bar tsini. Baba ya hana shi gaba ɗaya, aka koma sanda.

Wani abin mamaki ya biyo baya. Da kayan suka kammala, sai duka ya ƙaru. Wanda a da yake ɗari-ɗari, yanzu da ya ji kansa cikin lifidi sai ya afka ido rufe, shi ma abokinsa ya ga ai a rufe yake, sai ya sake hannu. Aka fara komawa gida da ciwon kai da kumburin gwiwar hannu. Baba ya zuba ido Juma'a biyu, a ta uku ya ce kowa ya tuɓe kayan. Ya ɗauki sanda, ya kira wanda ya fi kowa zafi, ya ce, "Ɗana, sare ni." Yaron ya kawo sara, tsohon ya ja ƙafa ɗaya baya, sandar ta wuce gaban rawaninsa da abin da bai fi taƙi ba, kafin yaron ya dawo da hannu sandar Baba tana kwance a kan wuyan hannunsa, a hankali kamar an ɗora tsinke. Sau biyar ana haka. Mutumin da ya haura saba'in, ko numfashinsa bai sauya ba.

Abin da ya koya musu daga nan abu uku ne, ni ma ina gefe ina ɗauka. Na farko tazara. Ka san inda makamin abokinka ke ƙarewa, ka tsaya bayan wurin da kaɗan, kada ka shiga sai da dalili, in ka shiga kada ka zauna. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Na biyu, makami ke gaba, jiki na biye. Wanda ya fara jefa ƙafa ko ya miƙa hannu tsirara kafin makaminsa ya rufe hanya, ya kai kansa kasuwa. Na uku, tsayar da sara. Ya rataye ƙwarya da igiya a reshen ƙaya, ya ce kowa ya kawo sara da gudu ya taɓa ta ba tare da ta fashe ba. Wanda ya fasa ƙwarya ba zai tsaya gaban mutum ba sai wani makon. Mun yi asarar ƙore da yawa kafin hannaye su nutsu.

Da na ba ɗalibin nan labarin yadda abin ya burge ni, sai ya nuna mini wani zane a littafin Fiore. Mutum ne a tsaye, dabbobi huɗu kewaye da shi: giwa a ƙarƙashin ƙafafunsa alamar kafuwa, damisa alamar sauri, zaki alamar ƙarfin zuciya, a bisa kansa kuma wata kyanwar daji mai kaifin ido riƙe da abin awo. Awo ne aka ɗora a sama da sauran. Malamin Italiya na shekaru 600 da suka wuce da maƙerin Ahaggar da bai taɓa jin sunansa ba, magana guda suke yi.

Yanzu wasan yana da dokoki, kuma ba a rubuce suke ba, kowa ya haddace. Ba a karawa sai da mutum na uku a tsaye riƙe da doguwar sanda, in ya ce "tsaya" ko a tsakiyar sara ne an tsaya. Kafin a fara, kowa ya duba makamin abokinsa, ba nasa ba, ya shafa ya ji ko akwai tsagewa ko sartse. Ba suka a fuska ko maƙogwaro in babu hula da abin kare wuya. Ba sara a ƙeya, ba sara a bayan gwiwa. Wanda aka taɓa shi ke faɗa da bakinsa. Wanda ya zo da fushi daga wurin aiki ya zauna ya sha shayi ya yi kallo. Wanda ya sha duka a ka har ya ga jiri ya gama na ranar, ko ya rantse lafiyarsa ƙalau. Sabon shiga kuwa da tsohon hannu ake haɗa shi, domin sababbi biyu su ne haɗari. Takobi mai kaifi ba ya zuwa rafi ko a cikin kube.

Akwai masu cewa duk wannan ya kashe armashin abin, wai kakanni ba su san hular raga ba. Gaskiya ne ba su san ta ba, su kansu Turawa sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 suka ƙirƙiro ta. Amma kakannin da sanda suka koya, shekara da shekaru, a hannun kawu ko yaya wanda ba zai so ya nakasa ɗan gidansu ba. Kuma su yaƙi suke shiryawa, akwai abin da ya kai a sayar da yatsa dominsa. Mu fa? Ranar Lahadi kowa zai koma bakin aikinsa, wani gini, wani faci, wani ɗinki.

Abin da zama gefen rafin nan ya nuna mini shi ne, wannan ilimi ba ya zama a jikin mutum ɗaya. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Kana iya sara iska shekara goma ba ka san tazara ba, sai wani ya yarda ya tsaya gabanka. Wanda ya tsaya ɗin kuwa aron jikinsa ya ba ka: idonsa, haƙoransa, yatsun da yake ci da iyali da su. Amana ce, kuma kayan aro a mayar da shi yadda aka karɓa. Lifidi da hula suna nan don ranar da hannu ya kuskure, domin ɗan Adam ajizi ne. Ba su ba kowa izinin sakin hannu ba.

Turawa da nasu ya mutu sun sami littattafai sun tono. Namu ba a rubuta shi ba. A fadar Kano da Katsina da Zazzau da Damagaram akwai sulke da kwalkwali da takubba, a Gidan Makama ana kallon wasu, amma yadda ake juya su yana tafiya tare da masu furfura. In a garinku akwai tsohon da ya san riƙon garkuwa, ko a cikin dogarai ko 'yan lifida ko maharba, a je a gaishe shi da goro, a tambaye shi, a ɗauki bidiyo in ya yarda. Wanda kuma sha'awar karawa ta kama, ya fara da sanda mai sauƙi, ya nemi hular gaske kafin ya nemi ƙarfe, ya kare yatsu da maƙogwaro, ya sami na uku mai cewa a tsaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Yaron Kance ya dawo rafi bayan wata shida. Garkuwa ya fi so yanzu, kuma shi ke fara duba safar hannun sababbin shiga, ya murza kowane yatsa ya ji ko robar ta zauna. In ya ga wadda ɗinkinta ya saki sai ya miƙo mini ya ce, "Yaya, wannan ba za ta shiga fili ba." Ni kuma in zaro basilla.

Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya mai da kowane ɗan ci-rani gida da gaɓoɓinsa cikakku.